Agogon da Ya Koya Mana Ɗingishi

Duk wanda ya ce muku Senkondo bai iya komai ba ya zalunce shi, domin ya iya magana. Ɗan kawuna ne, taubashina, tare muka tashi a Shighare, saboda haka in na faɗi nasa ba gulma na yi ba, haƙƙina na ci. Shekara tara ya yi a Arusha yana share azuzuwa a wata makarantar koyon kiɗa. Ya dawo mana da kwat mai ruwan toka, da "a ilimance" a bakinsa, da umarnin cewa daga ranar a riƙa ce masa Farfesa. Ni dai Senkondo na sani, shi nake kira.

Idon Baba Kihedu ne ya buɗe masa ƙofa. Baba Kihedu shi ne malamin mawaƙan majami'armu tun kafin a yaye ni. Duk shekara majami'un gundumarmu suna gasar waƙa a Mwanga, kuma ƙungiyar da ta ci kofi sau uku a jere ya zama nata har abada. Mun ci sau biyu. Amma duk biyun, yanar ido ta riga ta rufe wa tsohon gani. Takardar waƙa sai ya manna ta a hanci yake bi, kofin kuwa bai taɓa ganinsa sosai ba, sai dai a miƙa masa ya shafa. Saura wata biyu gasa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Moshi a yi masa aikin ido biyun, ɗaya bayan ɗaya. Da zai hau mota ya riƙe hannuna ya ce, "Nakijwa, ku riƙe mini kofin nan. So nake in dawo in gan shi da ido, na gaji da ganinsa da yatsa."

Bayan sati biyu takardar waƙar gasa ta iso, mai layi biyar-biyar da alamomi kamar talibambam suna lilo a kai. Hawa da saukar murya ba su dame mu ba, don an rubuta do-re-mi a ƙasa kuma da yawanmu mun iya bi. Tafiyar waƙar ce, inda za a ja da inda za a tsaya, ita ce sai Baba Kihedu. Fasto Mbwambo ya juya takardar ya sake juyawa, mu talatin da biyu muna kallonsa. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"Fasto, kada ka wahalar da kanka," in ji Senkondo daga baya. "Irin takardun nan dubu sun bi ta hannuna."

"Ta tsintsiyarka dai," na ce.

Ko kallona bai yi ba. Ya fito gaba ya warware wani abu da ya naɗo a zanen matarsa, ya ɗora a kan tebur. Na katako ne, mai faɗin gindi da tsinin kai, da wani harshen ƙarfe a tsaye a gabansa.

Mgonja mahauci, wanda ya fi kowa ƙatuwar murya da ƙaton jiki, ya leƙo ya ce, "Tarkon ɓera ne?"

"Metoronom ke nan, jahili. Agogon waƙa." Ya kifa shi ya nuna wa Fasto rubutun da ke gindi. "Karanta musu wanda ya ƙera."

Fasto ya gyara tabarau, ya ce a hankali, "Bajamushe ne."

Shi ke nan an gama da mu. Mu a duwatsun nan, abin da aka ce Bajamushe ya ƙera ba a musu da shi. Ƙararrawar majami'armu tasu ce, ta binne kakanninmu tana nan ko tsagewa ba ta yi ba. Tsofaffin mata har sun fara gyara ɗankwali.

"Kihedu da ƙafa yake ba ku bugu," in ji Senkondo, hannu a aljihun kwat. "Ƙafa tana gajiya, ƙafa tana son kai. Wannan kuwa ba shi da uwa ba shi da uba. Ku ba ni sati shida. Kofi ƙaramin abu ne, daga Mwanga sai gidan rediyo, daga nan sai jirgin sama. Wanda bai da takalmi ya fara nema."

Na karɓi takardar na nuna masa farkon layi. "To Farfesan shara, wannan ukun da ke zaune a kan huɗu, me take nufi?"

Ya daɗe yana kallonta, har ya ɗan yi tari. Sannan ya ce, "Ke ba ki yi lissafi a makaranta ba? In aka yanka rake gida huɗu kika sha uku, saura nawa?"

"Ɗaya."

"To. A ilimance, bugu huɗu ne, uku na rerawa, na huɗu na haɗiyewa." Ya ja wani ɗan maɓalli a gefen agogon, wanda ke sa wata 'yar ƙararrawa ta ce tin bayan adadin bugun da aka zaɓa, ya ajiye shi a kan huɗu. "In kun ji tin, ko a tsakiyar kalma kuke ku datse baki."

Ya murɗa makulli ya saki harshen ƙarfen.

Majami'armu a gefen dutse take, kamar komai namu. Teburin gaba kuwa, ranar godiyar kaka in aka ɗora fiya sai ta gangara ta faɗa wajen mata, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa damuwa. A kan wannan tebur aka ɗora agogon. Harshen ya tafi dama ya daɗe, ya dawo hagu da sauri. Ƙwaas, ƙwas. Ƙwaas, ƙwas.

"Farfesa," in ji Mgonja, "abin nan ɗingishi yake. Shekara ashirin ina sayen shanu, na san tafiyar mai ciwon kofato."

"Kunnenka ne gurgu. Ka saba da kukan abin yanka, ina za ka san daidai?"

"Ni ma haka na ji," na ce.

"Ke da shi jirgi ɗaya ya kwaso ku. Fasto, Bajamushe zai yi ƙarya?"

Fasto ya dube mu, ya dubi agogon, ya ce a bi agogon.

Muka bi. Mu kuwa ba ma waƙa a tsaye ƙiƙam, taku muke yi, ɗaya dama ɗaya hagu. Yanzu sai ya zama dogon taku dama, gajere hagu, uku a rera, na huɗu a haɗiye. Waƙar godiya ce mai taushi, amma a bakinmu ta fito da ɗingishi da shaƙuwa a haɗe. Wani abin kuma, kullum in muka gama sai mu tarar mun cushe a bangon dama, an matse Mgonja kamar kayan lodi. Senkondo ya ce wannan alamar haɗin kai ce.

Kafin sati biyu, daga nesa ake gane ɗan ƙungiya. Za ka hango mace da nonon ayaba a ka tana gangarowa, ja-ki-tsaya, ja-ki-tsaya, bakinta yana motsi. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta tare ni ta ce ko wani ciwon ƙugu ne ya shigo gari ba a sanar da ita ba. Ranar kasuwa mutanen Lombweni, waɗanda muka ƙwace kofin a hannunsu, suka jeru a rumfar citta suna mana sannu da jiki.

"Allah ya ƙara sauƙi, Nakijwa. Duk garin ne, ko ku kaɗai?"

"Mu haɗu a Mwanga," na ce, na wuce, ina ƙoƙarin taka ƙasa kamar mutum.

A gidansa ma bai bar kowa ya huta ba. Matarsa, Maman Eliya, wadda muke waƙa tare, ta zo mini ido duk ya faɗa. Wai tankaɗe da agogo, wanke-wanke da agogo, makande ma, wato dafaffiyar masara da wake, in tana juyawa a tukunya sai ya tsaya a kanta yana cewa ta yi sauri. Rannan ya ce ba ta iya tatsa a ilimance ba, ya karɓi bokiti ya ajiye agogon kusa da saniya. Ya ja mai tsawo, ya ja gajere, ya ja mai tsawo, ya tsaya ya haɗiye. Saniya ta fi mu hankali, zagaye biyu kawai ta jure ta zabga masa ƙafa a gwiwa. Washegari ya shigo koyon waƙa yana ɗingishi na gaske, daidai da agogon ba ragi ba ƙari.

"Ɗan kawu, me ya sami ƙafar?"

"Babu komai. Malamin ƙwarai a jikinsa yake ɗaukar darasi."

"Ka gaishe da malamar taka, a ƙara mata dusa."

Saura sati ɗaya, ya ce za mu gwada a gaban jama'a ranar Lahadi. Ya kafa mana doka, kada wanda ya kuskura ya motsa daga muryar da yake kai sai ya ji ƙwas na gaba. Muka fara, ya rufe ido yana wurga hannu kamar mai korar ƙudan zuma. Ashe ya manta bai murɗa makulli ba. Muna kaiwa wurin da murya ta fi hawa, agogon ya tsaya cak.

Muka riƙe. Mutum talatin da biyu baki a buɗe, ƙafa ɗaya a sama. Shi kuwa yana can idonsa a rufe, yana jin daɗin yadda muka iya ja. Tsofaffi suka fara zubewa a benci ɗaya bayan ɗaya. Jijiyar wuyan Mgonja ta fito kamar igiyar ɗaure akuya. Da numfashin na ƙarshenmu ya ƙare, jama'a suka ce amin, Fasto ya miƙe ya fara sanarwar auren wata yarinya. Sai a lokacin Senkondo ya farga, ya murɗa makulli, ya daka mana harara, muka ɗora daga inda muka tsaya, Fasto yana tsakiyar faɗin sunan ango.

Bayan an tashi na tare Fasto na ce a kira Baba Kihedu a waya, ko rera masa aka yi zai gane inda aka karkace. Senkondo ya yi wuf ya ce mutumin da ke kwance da filasta a ido, likita ya hana a tayar masa da hankali, so nake in makantar da shi? Fasto ya ce gaskiya ne. Ina da lambar 'yarsa a wayata, da na so da na kira. Ban kira ba, saboda ni ma a ƙasan raina ina tsoron a ce Bajamushe ne da gaskiya ni ce 'yar ƙauye. Wannan laifina ne kuma har yau yana cina.

Ranar gasa muka sauka Mwanga a motar ɗaukar citta, cikin anko ruwan malmo. Ƙa'ida ce mai riƙe da kofi ya zo da shi ya ajiye a teburin alƙalai, ni na riƙo shi a cinya tun daga dutse. Zauren na siminti ne, shimfiɗe kamar faranti. Alƙalai uku, babbarsu wata 'yar ƙaramar mata mai furfura, malamar kiɗa. An kafa wa mawaƙa matakala ta katako hawa uku, ba bango ta kowane gefe.

Mutanen Lombweni suka fara. Waƙarsu ta tafi sumul tana juyi, har na ji kaina yana bi.

Mgonja ya sunkuyo ya ce, "Wace waƙa ce wannan mai daɗi?"

Na saurari kalmomin. "Tamu ce."

"Sun faɗi," in ji Senkondo yana murmushi. "Kun ji sun haɗiye ko sau ɗaya?"

Aka kira Shighare. Muka hau matakala muka jeru, Mgonja a hawa na sama can ƙarshen dama. Senkondo ya ɗingisa gaban alƙalai, ya rusuna, ya ce yana neman izini ya nuna wa gunduma yadda ake waƙa a ilimance. Babbar alƙaliya ta ce ba a saba ba, amma bismilla. Ya ajiye agogon a teburinsu kusa da kofi, ya murɗa makulli har sau goma, ya saki.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Daidai wa daida, kamar saukar ruwa daga indararo.

Murmushin Senkondo ya gudu. Ya tsayar da shi ya sake saki, haka dai.

"An taɓa shi," ya ce da ƙarfi, ya juya wajen mutanen Lombweni. "Lafiya lau ya baro gida. Wanda ya yi masa asiri, Allah yana gani."

"Malam, lafiyarsa ƙalau," in ji alƙaliya.

"Baiwar Allah, da girmanki, bar mai abu da abinsa."

Ya ɗauke shi zai girgiza, da ya karkata a hannunsa sai ga ɗingishi ya dawo. Ya ce yauwa. Ya waiga, ya zari gidan tabarau na alƙaliyar, ya cusa a ƙarƙashin gefe ɗaya, ya ɗora. Ƙwaas, ƙwas. Ya kakkaɓe hannu ya gaya wa zauren mutum ɗari biyar cewa yanzu ya dawo hayyacinsa. Matar ta ajiye biro ta haɗa hannu a ƙirji.

Ya rufe ido, ya ɗaga hannu, muka ɗauka. Dogon taku dama, gajere hagu. A gida bango ne ke tare mu, a nan babu. Ina ji muna tafiya, ina ganin tagogi suna wucewa, amma sati shida sun shiga ƙafa, ba ta jin magana. Uku muka rera, muka datse baki don haɗiya, a cikin wannan shirun aka ji tim. Mgonja ne ya sauka daga hawa na uku a kan tukwanen furanni. Muka rera uku, shiru, tim, na kusa da shi ya bi. Daga nan abin ya kama tsari, kowace haɗiya da mutuminta, wani lokacin biyu, daga sama da tsakiya. Waɗanda suka faɗi ba su daina waƙa ba, suna ƙasa a kan juna suna rerawa, don an hana mu tsayawa. Zaure ya kece da dariya, wani dattijo har da faɗowa daga kujera.

Senkondo ya ɗauka tafi ake masa. Ya ƙara wurga hannu, ya buɗe ido don ya karɓi yabo, ya tarar gabansa katako ne zalla, mawaƙansa suna can gefe a tare. Ya ja da baya a firgice, gurguwar ƙafar ta ci amanarsa, ya zauna daɓas a gefen teburin alƙalai. Kofi ya tuntsura ƙasa, ya gangara a kan simintin nan yana ƙara, bai tsaya ba sai a ƙafar malamin Lombweni. Mutumin ya ɗauka ya goge da hannun riga, ya ce bari ya riƙe mana kada ya sake faɗuwa.

Da dariya ta lafa, alƙaliyar ta tsince gidan tabaraunta, ta tsayar da agogon a miƙe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, uku bisa huɗu me take nufi?"

"A ilimance, uku a rera, ɗaya a..."

"Lambar sama tana faɗin bugu nawa ne a kowane ɗauri. Uku ne, babu na huɗu. Ta ƙasa kuwa irin alamar da ake ƙirgawa bugu ɗaya take nunawa."

"A Arusha ba haka ake yi ba."

"Daga can na taso da safen nan."

Ta mayar da maɓallin kan uku, ta saki harshen, ta shiga tafi, na farko da ƙarfi, biyu a hankali. Maman Eliya, tana zaune a ƙasa ɗankwali a hannu, ta ce, "Af, ashe lugude ne na mutum uku." Kowace mace a cikinmu ta iya shi tun tana ɗaura zane a wuya. Ba wanda ya ba mu umarni, muka soma rerawa ƙasa-ƙasa daga inda muke zube, waƙar ta miƙe da kanta ta tafi. Nan ne na yi kuka, don na ji abin da ya kamata mu zo da shi. Alƙaliyar ta ce muryoyin nan ba su da na biyu a gunduma, sannan ta rubuta mu na ƙarshe.

A mota Senkondo ya fara bayanin cewa iskar Mwanga ba ta dace da kayan Jamus ba. Mgonja ya tambaye shi ko yana so ya ƙarasa hawan dutsen a ƙafa, nan bayanin ya ƙare.

Bayan kwana goma Baba Kihedu ya dawo. Ba wanda ya iya gaya masa a waya, Fasto ya ce ni, na ce Fasto. Ya sauko daga mota ba sanda, da sabon tabarau, yana kiran kowa da suna yana dariya, yana cewa ashe duk mun tsufa. Ko gida bai shiga ba, ya ce a kai shi majami'a. Muka bi shi duu, Mgonja yana riƙe da kwat ɗin Senkondo ta baya don kada ya sulale.

Tsohon ya tsaya a gaban kantar da ake ajiye kofi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya matsa kusa.

"Likita ya rantse mini aiki ya yi kyau," ya ce. "Amma ni ba na ganin komai a nan."

"Wato Baba, a ilimance..." in ji Senkondo. Na take masa ƙafar mai ciwo.

"Idonka lafiya lau, Baba," na ce. "Kofin ne babu."

Ya miƙa hannu duk da haka ya shafa wurin, ya duba ƙurar da ta kama masa yatsa. Fasto ya ba shi labari a gajarce, kansa a ƙasa. Da ya gama, Baba Kihedu ya juyo ya bi mu da sabon idonsa ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan mai kwat. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya daɗe yana dubawa.

"Kai ne Senkondo?"

"Ni ne, Baba."

"Ikon Allah. Tun da ka dawo muryarka kawai nake ji. Na ɗauka ka fi haka girma."